Akori-kura mai agzilari a garejin gida: a ƙera sabon shasi ko a gyara tsohon?

Mai Walda Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masu sani kafin in ɗora garanda a kan ƙarfe, don in na yanka babu komawa. Gonarmu ta gado tana bayan Duguri, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Wanda ya san wajen ya san cewa daga Yuli zuwa Satumba ƙaramar mota ba ta shiga. Taki sai a babur, buhu ɗaya-ɗaya, kuɗin dako ya cinye ribar tun kafin a yi girbi. Shi ya sa nake son in haɗa akori-kura mai agzilari, wato mai jan ƙafa huɗu, da hannuna.

Ga abin da ke ƙasa: shasin tsohuwar Hilux irin ta farkon shekarun 1990, mai miƙaƙƙen aksul a gaba da sifirin gaba da baya. Ta taɓa yin hatsari, ƙahon gaba na hagu ya ɗan karkace, kuma tsatsa ta ci wajen da kai ya haɗu da bodi. Akwai injin 3L mai shan gas, da giyabos da akwatin agzilarinsa. Aksul ɗin baya a Dilimi ta Jos na samo shi, don nata ya lalace. Tunanina biyu ne. Ko in yanke shasin in ƙara masa ƙafa ɗaya da rabi, ko in ajiye shi gefe in ƙera sabo fil da chanel mai kauri, wato dogon ƙarfen nan mai kwari a tsakiya kamar indararo. Burina ta ɗauki buhu 20 ta fito da su daga laka. Walda sana'ata ce, ƙofofi da tankuna da bodin mota duk ina yi.

Ɗan Kasuwar Muda Lawal:
Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa lissafin ƙarfe da sandar walda da man janareta da kuɗin tona da mai riwaya? Ina tsoron kafin ka gama ka kashe abin da zai saya maka tsohuwar Hilux mai tafiya da ƙafarta. Ka sayar da tarkacen nan ka cika kuɗi kawai.

Mai Walda Yelwa:
Alhaji, da ina da cikon ai da ban zo nan ba. Ka fi ni sanin yadda kuɗin mota ya koma tun da dala ta tashi. Abin da nake da shi lokaci ne da injin walda, kuma zan iya yin aikin kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya shigo.

Direban Futuk:
Ku bar shi ya yi. Hanyar da yake faɗa na san ta tun ina yaron mota. Irin Hilux ɗin nan mai sanda a gaba ita ce maganin wajen, ta fi sababbin jure rami nesa ba kusa ba. Ni shawarata a ƙera sabon shasi da chanel na gaske, irin wanda ake bodin tipa da shi. Na kamfani siriri ne, ka ƙwanƙwasa ka ji.

Baba Tsohon Steyr:
Ɗana mai walda, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka saurare ni da kyau, kai ma direba ka saurara.

Na yi aiki a Steyr nan Bauchi, kamfanin da gwamnatin tarayya ta kafa da mutanen Ostiriya, wanda ya soma harhaɗa manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970. Abu na farko da mutum ke ganewa in ya tsaya kusa da shasin babbar mota tsirara shi ne, ba a yi shi don ya sandare ba. An yi shi ne ya murɗa ya dawo. Shi ya sa za ka ga gicciyen manyan motoci da ribiti da noti aka kama su, ba da walda ba, har ma akan manna gargaɗi kada a huda ko a yi walda a leɓen sama da na ƙasa. Na Hilux rufaffen akwati ne, kuma da walda aka haɗa shi, amma shi ma an auna inda zai ba da kai da inda zai tsaya. Duba yadda ya gantsare a saman aksul ɗin baya, ya yi faɗi a tsakiya, ya tsuke a gaba. Ko wane lanƙwasa akwai dalilinsa.

In ka ɗauko chanel miƙaƙƙe guda biyu ka shimfiɗa, ina aksul zai samu wurin tashi sama in taya ta hau dutse? Dole ka ɗaga motar gaba ɗaya, kuma mota mai tsayi da lodi a bisa ita ce ke kifewa a gangara. Ga nauyin chanel ɗin kansa, wanda tun ba ka ɗora buhu ba ya riga ya cinye wani kaso na abin da sifirin da birki za su iya ɗauka. Sannan ina za ka ɗaura akwatin sitiyari? In wajen nan ya kauce ko da kaurin yatsa, motar ba za ta taɓa tafiya daidai ba. Kamfani da jigi, wato teburin da ke kafe kowane ƙarfe a ma'auninsa, yake wannan aikin, kai kuma a kan ƙasar gareji za ka yi. Ka bar maganar sabon shasi.

Direban Futuk:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba. Amma a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano me ba a ƙerawa? Tirela sukutum ake yi, tana ɗaukar kaya har Legas.

Baba Tsohon Steyr:
Tirela ba ta da sitiyari, ba ta da inji, ba ta da farfela. Ja ake yi tana bi. Masu ƙera ta gwanaye ne, ban raina su ba, amma aikin daban ne.

Ɗalibin Injiniya Gubi:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Ina goyon bayan Baba, sai dai akwai abin da ya fi tsorata ni a bayanin Yaya mai walda, kuma ba wanda ya taɓo shi. Aksul ɗin gaba na motar ne, na baya daga wata motar ya fito. Yaya, ka ƙirga haƙoran giyar cikinsu kuwa?

Hilux ba da giyar aksul iri ɗaya ta riƙa fitowa ba. Akwai 4.10, akwai 4.30, akwai 4.56, akwai 4.88. Lambar tana nufin yawan juyin farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, kafin taya ta juya sau ɗaya. Misali, babbar giya mai haƙori 41 da ƙarama mai 9 su ne 4.56, mai 39 da 8 kuma 4.88. Agzilarin wannan motar kulle farfelar gaba da ta baya yake yi su juya tare, babu abin da ke raba musu gardama a tsakiya. To in gaba 4.56 ce baya 4.88, a duk tafiyar mita 100 ƙafafun gaba na son su wuce na baya da kusan mita 7. A cikin laka taya za ta riƙa zamewa ta sauke wannan rikicin, ba za ka ji komai ba. Ranar da ka hau busasshiyar ƙasa da lodi, wani abu zai karye, ko kuros ɗin farfela, ko gwiwar aksul ɗin gaba, ko haƙorin akwatin agzilari.

Gwajin ba wuya. Ka ɗaga taya ɗaya da jak, ɗayar ta zauna a ƙasa, ka yi alama da alli a taya da bakin farfela. Juya tayar sau biyu cif, kana ƙirga juyin farfela. Abin da ka samu shi ne lambar. Ka yi wa gaba da baya. Na gaba sai ka fara kulle hob, wato makullin da ke cibiyar tayar gaba.

Mai Walda Yelwa:
Ƙanena, Allah ya ƙara basira. Gobe da safe zan gwada in sha Allahu.

Bakanike Tashar Dukku:
Daga Gombe nake bin zancen. Yaron nan ya faɗi gaskiya, na sha karɓar mota da wannan ciwon, mai ita yana ta canza kuros bai san tushen ba. Haka in tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba. Kuma ko komai ya yi daidai, wannan agzilarin ba na kwalta ba ne. Kana fitowa titin Alkaleri ka cire shi, ka buɗe hob.

Amma a kan ƙara tsawo ban san matsayin Baba ba, ni dai ina ganin ana yi kuma yana zama. Sharaɗin shi ne inda aka yanka da yadda aka yanka. Masu ɓata aikin su ne masu ƙara jela a bayan tayar baya don ya fi sauƙi. Duk buhun da ya zauna a bayan aksul ɗaga hancin mota yake yi. Sitiyari ya yi sakayau, ƙafafun gaba su daina kama ƙasa, agzilarin da ka sha wahala dominsa ya zama na banza. In za ka ƙara, a tsakiya ne, tsakanin kai da maratayin sifirin baya, inda ƙarfen yake miƙe. Kai kuma tsatsarka ma a nan take, ka ga ka yanke ruɓaɓɓen ka sa lafiyayye.

Kada ka yanka a tsaye kamar ana yanka rake. Ka yanka a karkace, ko ka yi masa hawa-hawa, don ɗinkin ya bazu. Ka lanƙwaso ƙarfen ƙari daidai faɗi da kaurin shasin, kada ka ce mai kauri ya fi, don inda mai kauri ya ƙare nan siririn zai tsage. Bayan ka ɗinke ka goge, sai ka ɗora faci a gefe mai tsini a bakinsa biyu, ka huda shi wuri-wuri ka cike ramukan da walda. Kada ka ja walda a tsaye a ƙarshen facin, kada kuma ka gitta ta a saman shasi. Ka riƙa yi kaɗan a dama, kaɗan a hagu, kana barin ƙarfe ya huce da kansa. Kar yaro ya zo ya watsa masa ruwa.

Ɗalibin Injiniya Gubi:
Oga, ƙari a kan naka: sandar walda. 6013 da kowa ke amfani da ita a kan ƙofa da taga ba ita ta dace da shasi ba. 7018 ake so. Lambobi biyun farko ƙarfin ɗinkin suke nunawa, 60 da 70, wato fam dubu 60 da dubu 70 a kan kowane inci murabba'i, kuma 7018 ta fi jure girgiza ba tare da tsagewa ba.

Bakanike Tashar Dukku:
A takarda haka ne, ɗana. Amma ka taɓa riƙe 7018 a kan injin walda naɗin gida, da wutar da ke hawa tana sauka? Maƙalewa take yi, ta bar maka ramuka kamar gidan zuma a cikin ɗinki, daga waje kuma ya yi kyau. Ga shi tana shan danshi. Wadda aka buɗe kwalinta aka bari a shago damina guda ta riga ta tashi daga aiki. Wallahi na fi yarda da 6013 a hannun wanda ya san ta, a kan ƙarfen da aka goge tas aka fere bakinsa, a kan 7018 mai danshi a hannun wanda bai saba ba.

Ɗalibin Injiniya Gubi:
Na karɓi wannan, Oga. Amma mafitar ba komawa 6013 ba ce. A samo ƙaramin injin inbata da janareta mai ƙarfi, a sayi sanda a rufaffen kwali, a buɗe ranar aiki. Kafin ya taɓa mota ya ɗinka guntaye biyu masu kaurin shasin, ya kama a bais ya lanƙwasa da guduma. In ƙarfen ya lanƙwashe ɗinki bai buɗe ba, hannu ya zauna.

Mai Walda Yelwa:
Inbata akwai wanda zan ara. Na taɓa aiki da 7018 a kan tankin ruwa na sama, ba baƙuwata ba ce, amma gwajin bais ɗin zan yi.

Hajiya Mai Hatsi:
Salamu alaikum. Ni ba makanikiya ba ce, masara da wake nake saye a kasuwannin ƙauye, kuma rabin rayuwata a gaban akori-kura na yi ta. Tun ɗazu ina karanta maganar ƙarfe, ban ji wanda ya yi maganar mutane ba. Malam, kai ka ce buhu 20. Na rantse maka ranar kasuwa ba buhu kaɗai motar nan za ta ɗauka ba. Mata da goyo za su tare ka a hanya, tsofaffi za su roƙe ka, mara lafiya za a kawo maka cikin dare a ce a kai shi asibitin Alkaleri, kuma ba za ka iya cewa a'a ba, don kai kaɗai ke da motar da ke fita. Duk ɗinkin da za ka yi, ka yi shi da sanin cewa 'ya'yan mutane za su zauna a kansa. Ina son motar nan ta tabbata, don mu ne za mu fi kowa amfana. Amma buhu 20 ɗin nan bai kwanta mini ba.

Baba Tsohon Steyr:
Hajiya ta riga ni. Buhun masara kilo 100 ne, 20 tan biyu ke nan. Motar nan wajen tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka. Na san ana ɗora mata ninki, ina gani kullum a hanyar Dass da ta Ningi. Amma ku san abin da ke ɗauke da nauyin. A aksul ɗin bayan Hilux, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da lodi. In ta karye, taya da gangar birki da guntun sandar ficewa suke yi gaba ɗaya. Yawancin Land Cruiser akori-kura ba haka suke ba, nauyin a kan bututun aksul yake, sandar juyi kawai take yi. Wannan bambancin ba ya gyaruwa da ƙarin sifirin. Sifirin yana hana mota zama ne kawai, bai ƙara wa sanda ko birki ko taya ƙarfi ba. Injin 3L kuma dokinsa wajen 90 ne. Zai ja, don ƙaramar giyar agzilari tana ninka masa ƙarfi fiye da sau biyu, amma ja daban, tsayawa a gangara daban.

Shi ya sa ni ban goyi bayan ƙarin tsawon ba ma. Ba don ɗinkin ba zai riƙe ba, bakaniken Gombe ya faɗi yadda ake yi kuma daidai ne. Dalilina shi ne duk filin da ka ƙara a bodi sai an cika shi. Ga shi doguwar mota cikinta ke dafe tudu in za ta haye kwari, kuma juyawa a ƙaramar hanya ya zama aiki.

Direban Futuk:
Baba, in buhu 10 za ta ɗauka ai ba riba. Man da za ka ƙona zuwa Bauchi ɗaya ne.

Hajiya Mai Hatsi:
Ba sai ta zo Bauchi ba, Malam direba. Ta fito da kaya bakin kwalta sawu biyu, babbar mota ta kwasa. Haka muke yi a wurare da yawa.

Direban Futuk:
To, wannan kuma magana ce. Bari in faɗi nawa tsoron tunda an zo nan. An taɓa yi mini waldar hannun sitiyari a wani gareji, aka ce ya fi sabo ƙarfi. Yana sakina a kan gangara da fasinja a baya, Allah ne kawai ya tsare, gudun ba yawa. Mai walda, don Allah komai za ka ɗinka ban da kayan sitiyari. Hannun sitiyari, tayarod, sifirin, sandar aksul, in sun karye a canza.

Bakanike Tashar Dukku:
Gaskiya ne, waɗannan ƙarfe ne da aka dafa, zafin walda kashe su yake yi. Haka noti. Duk wanda zai riƙe sitiyari ko maratayin sifirin ka duba kansa ka ga 8.8 ko 10.9, ba na ɗaure ƙofa ba. Farfela kuma in ta kama a ƙara mata tsawo aikin tona ne, a kan lesi, wato injin feƙe ƙarfe, kunnuwan kuros biyun su kalli gefe ɗaya. In aka yi ta da ido a ƙasa, girgizarta za ta cinye maka bayan giyabos. Tankin mai ka cire shi ka kai nesa kafin ka kunna wuta, ka kuma cire kan batir.

Mai Kula da Zaure:
Wani abin da ba a ambata ba: takardu. Lambar shasi a jikin ƙarfen aka buga ta, ita ce a takardar kwastan da ta rajista. Wanda ya ƙera sabon shasi ba shi da lamba, wanda kuma ya yanko lamba ya liƙa a wani ƙarfen ya jawo wa kansa zargin satar mota. Malam, wajen lambar nan kada garanda ko walda ta kusance shi. In ka canza inji ko launi ka je ofishin rajista a gyara, kuma ka kai ta wurin VIO su duba kafin ta hau titi.

Ɗan Kasuwar Muda Lawal:
Ni fa da Fijo 504 akori-kura ta kamfanin PAN na Kaduna aka ce za a mayar mai agzilari da na fi murna, kayanta sun fi araha.

Ɗalibin Injiniya Gubi:
An yi ta, Alhaji, amma ba a Kaduna ba. Wani kamfani a Faransa mai suna Dangel ne ya riƙa mayar da 504 mai jan ƙafa huɗu a shekarun 1980, kuma sai da ya sake mata ƙafar gaba ya ƙara akwatin agzilari. Yaya yana da motar da aka haifa da agzilarinta, hanyarsa ta fi gajarta.

Mai Walda Yelwa:
Na dawo, jama'a. Na yi gwajin alli. Gaba ta ba ni huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, baya ta kusa biyar. Don in tabbatar na zaro kan giyar baya na ƙirga, 39 da 8. Ƙanena, abin da ka faɗa ne.

Na kuma bi shasin da guduma tun daga gaba har baya. Tsatsar ta fi yadda nake gani daga waje, laka ce ta cika cikin akwatin ta bushe, gefen dama ƙasansa ya huje kusan taƙi biyu. Sabon shasi na bar maganarsa. Bodi, da ƙarfen kariya a bayan kai, da bamba, da farantin da zai kare ƙasan inji, waɗannan da hannuna zan yi. Ƙarin tsawo ne har yanzu ban yanke ba, tunda dole ne dai in yanke wajen ruɓar.

Baba Tsohon Steyr:
Kafin ka yanke komai ka fara daidaita ƙahon nan. Samu daɓen siminti mai lebur, ka ɗora shasin a kan ƙafafu huɗu, ka saki zare mai nauyi daga ramin kowane maratayin sifirin, ka ɗiga alama a ƙasa. Auna daga hagun gaba zuwa daman baya, sannan daga daman gaba zuwa hagun baya. In bambancin ya wuce 'yan milimita, a ja shi da sarƙa da jak, ba a gasa shi ya yi ja ba. In ya daidaita, ka kafe shi da angil a gicciye gaba da bayan inda za ka yanka, sannan ka yanka. Ka mayar da tsawonsa yadda yake.

Bakanike Tashar Dukku:
Baba, a kan tsawon dai muna nan inda muke, ni ina ganin ƙafa ɗaya ba za ta cuce shi ba in ya riƙe lodi. Amma maganar giya, Malam, kada ka mayar da aksul ɗin Jos wurin wanda ya sayar maka. A wannan samfurin kan giyar gaba da na baya girmansu ɗaya, suna shiga gidan juna. 4.88 ce ta fi dacewa da laka da lodi, musamman in za ka sa taya mai ɗan girma, sai dai ta rage maka gudu a kwalta. Ka nemi wani kan mai 39 da 8 ka sa a gaba. Akwai wani mai kayan Beljiyam a nan da nake zaton yana da shi, zan je in ƙirga haƙoran da kaina kafin in ce maka ka turo kuɗi. Wace taya ce a kan motar yanzu? Turo lambar da ke jikinta, da hoton hujin nan na gefen dama daga ƙasa.